Shin Amurka sayen ƙasarta ta yi ko ƙwace?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mun yi gardama da wani abokina a kan yadda Amurka ta faɗaɗa daga gabas har ta dangana da tekun yamma. Ni dai na karanta cewa sayen ƙasar ta yi da kuɗinta daga hannun Faransa da Meksiko da Rasha, shi kuwa ya kafe a kan cewa ƙwace ne da bakin bindiga. Don Allah a raba mana gardama, a kuma yi mana bayanin rigingimun da ta yi da maƙwabtanta.

Amsa: Barka kadai, Malam, na kuma gode da wannan tambaya. Abin da ka karanta ba ƙarya ba ne, domin kuɗi sun fita daga baitulmalin Amurka, takardun cinikin kuma suna nan a ajiye: dala miliyan 15 ga Faransa a 1803, wasu miliyan 15 ga Meksiko a 1848, ƙarin miliyan 10 ga Meksikon a 1854, sai miliyan 7.2 ga Rasha a 1867. Amma duk da haka abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, saboda ba a gane halascin ciniki daga yawan kuɗin da aka biya kawai. Sai an san wanda ya sayar, an san ko kayan nasa ne, an kuma san halin da yake ciki sa'ad da ya sa hannu. Idan ka ɗora waɗannan tambayoyi a kan kowane yanki da Amurka ta samu, za ka ga cewa takunta yana sauyawa gwargwadon ƙarfin wanda ke gabanta, ta yi sulhu da wanda take shakka, ta tsokani wanda ta raina.

Sa'ad da yankuna 13 na Turawan Ingila suka ayyana 'yancin kai a 1776, dukkansu a jere suke a gaɓar tekun Atlantika, tsaunukan Appalachia sun tokare su ta yamma. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ɓata tsakaninsu da Landan ma shi ne dokar da Sarkin Ingila ya kafa a 1763, wadda ta hana su ƙetare tsaunukan su kafa gonaki, domin sarkin ya gaji da kashe kuɗi a yaƙe-yaƙen da irin wannan kutse ke haddasawa. Da yaƙin neman 'yanci ya ƙare, Ingila ta sallama wa sabuwar ƙasar duk abin da ke tsakanin tsaunukan da kogin Misisipi a yarjejeniyar Paris ta 1783. Ba a gayyaci ko mutum ɗaya daga cikin al'ummomin da ke zaune a wannan yanki zuwa teburin shawara ba, alhali da yawansu sun yi yaƙi a ɓangaren Ingila. Waɗannan su ne mutanen da aka saba kira Indiyawan daji a Hausa, sunan da bai dace da su ba ta kowace fuska, tun da ba su haɗa komai da Indiya ba, kuma da yawansu manoma ne masu garuruwa da majalisu. Zan kira su 'yan asalin ƙasa, ko in ambaci kowace al'umma da sunanta.

Kafin a shiga labarin yaƙe-yaƙe, yana da kyau a fahimci abin da ke tura mutane yamma. A ƙidayar farko ta 1790 jama'ar Amurka ba su cika miliyan 4 ba, amma zuwa 1860 sun haura miliyan 31, mafi yawansu manoma da kowanne ke son ɗansa ya samu gonar kansa. Gwamnati kuwa ta fito daga yaƙi da bashi a wuya, kuma babbar kadarar da take gani a gabanta ita ce ƙasa. Saboda haka dokar 1785 ta tsara yadda safiyo zai yanka ƙasa murabba'i-murabba'i, mil shida ta kowane gefe, a sake tsaga ta gida 36 mai eka 640 kowanne, a yi gwanjonta. Dokar 1787 kuma ta yi alkawarin cewa duk yankin da ya tara mutane masu 'yanci 60,000 zai zama jiha mai daraja ɗaya da tsofaffin jihohi. Wannan alkawari shi ne ya bambanta faɗaɗar Amurka da mulkin mallaka irin na Turai, domin wanda ya yi ƙaura bai rasa ƙuri'arsa har abada ba, ƙuri'ar tasa ma ita ce ke tilasta wa 'yan siyasa su goyi bayansa. Daga nan aka samu salon da ya yi ta maimaituwa har shekara ɗari: 'yan kama-wuri-zauna su ƙetare iyakar da yarjejeniya ta shata, masu ƙasa su kai musu hari, a yi kukan neman agaji, soja ya zo, a zauna a rubuta sabuwar yarjejeniya da sabuwar iyaka, kafin tawada ta bushe wasu sun sake ƙetarewa. Kada kuma a ɗauka cewa masu ƙasar sun miƙa wuya cikin sauƙi. A 1791 haɗakar mayaƙan Miami da Shawnee ƙarƙashin Little Turtle da Blue Jacket ta kashe sojojin Janar St. Clair fiye da 600 a bakin kogin Wabash, sai a 1794 Janar Anthony Wayne ya karya lagonsu, suka sallama mafi yawan Ohio a shekarar da ta biyo.

Cinikin Luwisiyana na 1803 shi ne babbar hujjarka, don haka bari mu dube shi da kyau. Manoman da ke yammacin tsaunuka ba su da hanyar kai amfanin gona kasuwa sai ta kogin Misisipi, wanda bakinsa ke birnin New Orleans. Da Shugaba Thomas Jefferson ya ji cewa Sifaniya ta mayar wa Faransa yankin a asirce a 1800, hankalinsa ya tashi, ya tura Robert Livingston da James Monroe su sayo birnin. Suka tarar Napoleon, mai mulkin Faransa, ya riga ya fid da rai da nahiyar, domin bayin Haiti da suka yi tawaye, tare da cutar shawara, sun cinye rundunar da ya aika can, ga kuma yaƙi da Ingila na tafe. Sai ya tallata musu yankin ɗungurungum, murabba'in kilomita sama da miliyan 2, wato fiye da ninki biyu na faɗin Nijeriya. Abin dariya a ciki shi ne, bankin Baring na Landan yana cikin waɗanda suka shirya bashin da aka biya Napoleon, shi kuma ya zuba kuɗin a yaƙinsa da Ingila. To amma me Faransa ta mallaka a wurin? Kwana 20 kacal tutarta ta yi a New Orleans kafin miƙawa, ta kuma riga ta yi wa Sifaniya alkawarin ba za ta ba wani yankin ba, sannan in ka bar bakin kogi, ƙasar tana hannun Osage da Lakota da Pawnee da Comanche da sauransu, waɗanda ba su san an yi ciniki ba. Cinikin biri a sama ke nan. Abin da Jefferson ya saya shi ne janyewar Faransa, wato ikon ya zama shi kaɗai ne zai fuskanci masu ƙasar ba tare da wata daular Turai ta sa baki ba, ita kuwa ƙasar an ci gaba da karɓar ta gutsure-gutsure har kusan ƙarshen ƙarnin.

A arewa ne Amurka ta fara gwada maƙwabcin da ya fi ƙarfinta. A yaƙin 1812 da Ingila, ban da rigimar jiragen ruwa da kamen matuƙa, akwai masu hangen cewa cin Kanada tafiya ce kawai, Jefferson da kansa ya faɗi haka. Sai ga shi Detroit ta faɗa hannun Ingila tun a watannin farko, hare-haren da aka kai Kanada suka watse, a watan Agustan 1814 kuma sojojin Ingila suka shiga Washinton suka banka wa fadar shugaban ƙasa da ginin majalisa wuta. Yarjejeniyar Ghent ta Disambar 1814 ta mayar da kowa inda yake, kuma tun daga lokacin gwamnatin Amurka ba ta sake tura runduna don cin Kanada ba. A 1818 aka shata iyaka a kan layi na 49 har zuwa tsaunukan Rocky, a kan tebur. Waɗanda suka yi asara ta haƙiƙa su ne 'yan asalin ƙasa. Tecumseh na Shawnee, wanda ya yi yawo daga manyan tafkunan arewa har kudu yana kiran ƙabilu su haɗa kai, yana cewa ƙasa ta kowa ce kuma ba wata ƙabila da ke da ikon sayar da ita ita kaɗai, an kashe shi a fagen daga a 1813, Ingila kuma ta yi watsi da ƙawayenta a wurin sulhu.

Florida ba ta buƙatar dogon bayani. Janar Andrew Jackson ya kutsa cikinta a 1818 yana bin mayaƙan Seminole da bayin da suka gudu, ya kama sansanonin Sifaniya, ita kuwa Sifaniya, wadda tawaye ya dabaibaye ta a Kudancin Amurka, ta sallama a 1819 bisa sharaɗin Amurka ta ɗauki nauyin bashin dala miliyan 5 da 'yan ƙasarta ke bin Sifaniyan. Ka riƙe abu ɗaya daga wannan yarjejeniya: a cikinta Amurka ta rubuta cewa ba ta da haƙƙi a kan Teksas.

A kudu auduga ce ke jan ragama. Tun da aka ƙera injin gurzar auduga a 1793, masaƙun Ingila ke shanye duk abin da aka noma, auduga kuwa tana cinye ƙarfin ƙasa, saboda haka masu gandaye kullum cikin neman sabuwar gona suke, suna kora bayi gabansu. Kimanin bayi miliyan ɗaya aka kwasa daga tsofaffin jihohi zuwa sababbin gandayen kudu kafin yaƙin basasa. Ƙasar da ake kwaɗayi tana hannun Cherokee da Creek da Choctaw da Chickasaw da Seminole, kuma labarin Cherokee shi ne ya fi tona asirin hujjar da ake kafawa cewa ana karɓe ƙasa ne daga waɗanda ba su waye ba. Mutuminsu Sequoyah ya ƙirƙiro musu rubutu a 1821, suka rubuta kundin tsarin mulki a 1827, suka fara buga jarida a 1828, suna da makarantu da kotuna, wasunsu har bayi suka mallaka kamar maƙwabtansu. Mayaƙansu ma sun taya Jackson yaƙi da Creek a 1814. Duk wannan bai hana komai ba da aka gano zinariya a ƙasarsu, Jackson kuma ya hau mulki ya sa hannu a dokar kwashe 'yan asalin ƙasa ta 1830. Maganarsu ta kai gaban shari'a, a 1832 Kotun Ƙoli ƙarƙashin Alƙali John Marshall ta yanke cewa dokokin jihar Jojiya, wadda ke iƙirarin ƙasar tana cikin iyakarta, ba su da iko a ƙasar Cherokee. Jihar ta yi biris da hukuncin, ta raba ƙasar ta hanyar ƙuri'a, shugaban ƙasa kuma bai ɗaga yatsa ba. A 1835 aka samo wasu 'yan tsiraru da ba su da izinin majalisar Cherokee suka sa hannu a New Echota kan dala miliyan 5. Shugabansu John Ross ya kai takardar ƙin amincewa mai ɗauke da sunaye kimanin 15,000, amma Majalisar Dattawa ta tabbatar da yarjejeniyar da rinjayen ƙuri'a ɗaya. A 1838 soja ya tattara su a sansanoni, aka kora su zuwa yankin da ake kira Oklahoma a yau, kuma daga cikin mutum kusan 16,000 an ƙiyasta cewa kimanin 4,000 sun mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. A takarda, wannan ma ciniki ne, har da rasit.

Yanzu mu zo kan Meksiko, inda rigimar ta fi girma kuma tabonta bai warke ba. Meksiko ta samu 'yanci daga Sifaniya a 1821, ta gaji ƙasa mai faɗin gaske a arewa wadda ba ta da mutanen cika ta, ga mahayan Comanche da Apache suna kai hari har cikin ƙasar suna kore dawaki da shanu. Sai ta ga dabara ce ta gayyato baƙi su zauna a Teksas su zama mata katanga. Stephen Austin ya kawo iyalai 300 na farko, bisa sharaɗin su zama 'yan Meksiko su kuma bi ɗariƙar Katolika. Makiyayi yana iya samun eka 4,428 a kan kuɗi ƙalilan, a lokacin da gwamnatin Amurka ke sayar da eka ɗaya dala 1.25 kuɗi hannu, don haka mutane suka yi ta kwarara, masu izini da marasa izini. Kafin 1835 baƙin sun kai kimanin 30,000, sun ninka 'yan gida sau da yawa, kuma sun zo da bayinsu. Shugaba Vicente Guerrero na Meksiko ya haramta bauta a 1829, ko da yake an ɗaga wa Teksas ƙafa, a 1830 kuma aka hana shigowar sababbin baƙi daga Amurka, dokar da ba a samu isassun sojojin tsare ta ba.

Adalci ya sa in ce bauta ba ita kaɗai ce ta jawo tawayen 1835 ba. Janar Santa Anna, shugaban Meksiko, ya rushe tsarin tarayya na 1824 ya tattara iko a hannunsa, jihohi irin su Zacatecas suka yi bore ya murƙushe su, akwai kuma 'yan Meksiko haifaffun Teksas, irin su Juan Seguín, da suka yi yaƙi tare da 'yan tawayen. Amma kundin tsarin mulkin da Teksas ta rubuta a 1836 ya tsare bauta, ya kuma hana baƙar fata mai 'yanci zama a ƙasar sai da izinin majalisa, wannan kuwa ya isa shaida a kan abin da ke ran jagororin. Santa Anna ya kashe 'yan tawaye masu tsaron sansanin Alamo kusan 200 a ranar 6 ga Maris 1836, ya sa aka harbe fursunoni fiye da 300 a Goliad, wannan rashin imani ya zama makami a hannun abokan gabansa. A ranar 21 ga Afrilu Sam Houston, kwamandan 'yan tawayen, ya auka wa sansaninsa a San Jacinto, aka gama cikin minti 18, washegari aka kama shi, ya sa hannu yana fursuna a takardar da ta sallama Teksas. Majalisar Meksiko ta ce sa hannun ɗaurarre ba ya ɗaure ƙasa.

Teksas ta yi shekara tara tana ƙwanƙwasa ƙofar Amurka, 'yan arewacin Amurka suna tarewa don gudun ƙarin jihar bayi. A 1844 Majalisar Dattawa ta ƙi yarjejeniyar haɗewa, sai aka kauce wa sharaɗin ƙuri'ar kashi biyu cikin uku da ake bukata don tabbatar da yarjejeniya, ta hanyar ƙudurin majalisu biyu mai buƙatar rinjaye kawai, Teksas ta zama jiha a Disambar 1845. A wannan shekara ce ɗan jarida John O'Sullivan ya yaɗa kalmar da ta zama taken zamanin, cewa mamaye nahiyar ƙaddara ce bayyananniya da Ubangiji ya rubuta wa Amurkawa. Shugaba James Polk kuwa ba Teksas kaɗai yake so ba, idonsa yana kan Kalifoniya da tashar jiragen ruwa ta San Francisco. Ya aika John Slidell da tayin saye, gwamnatin Meksiko ta ƙi ko karɓarsa, domin duk shugaban da ya saurari irin wannan tayi ya san kujerarsa ta tafi. Sai Polk ya koma kan gardamar iyaka. A taswirorin Sifaniya da Meksiko, Teksas ta tsaya ne a kogin Nueces, amma Teksas ta ce iyakarta Rio Grande, kusan kilomita 240 kudu da nan. Polk ya umarci Janar Zachary Taylor ya ratsa wannan tsakani ya kafa sansani daura da garin Matamoros. A ranar 25 ga Afrilu 1846 dakarun Meksiko suka yi wa wasu mahayan Amurka kwanton ɓauna suka kashe 11. Polk ya riga ya shaida wa ministocinsa cewa zai nemi izinin yaƙi tun kafin labarin ya iso, da ya iso kuwa sai ya gaya wa majalisa cewa an zubar da jinin Amurkawa a kan ƙasar Amurka. Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 174 da 14, ta Dattawa 40 da 2.

Ba ni ne na fara kiran wannan tsokana ba. Abraham Lincoln, yana sabon ɗan majalisa a 1847, ya nemi Polk ya nuna ainihin wurin da jinin ya zuba, a ga ko ƙasar wa ce. Ulysses Grant, wanda ya yi yaƙin yana ƙaramin hafsa kuma daga baya ya shugabanci ƙasar, ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa cewa yana cikin yaƙe-yaƙe mafi rashin adalci da ƙasa mai ƙarfi ta taɓa ɗora wa mai rauni.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Meksiko tana da mutum kimanin miliyan 7 a gaban miliyan 20 na Amurka, baitulmalinta fanko, igwoginta tsofaffi, kuma a 1846 kaɗai shugabancin ƙasar ya sauya hannu sau huɗu. Arewacinta ya riga ya jigata da hare-haren Comanche, har Santa Fe ta faɗi ba tare da an gwabza ba. Janar Winfield Scott ya sauka Veracruz a Maris 1847, ya yi wa birnin ruwan wuta, ya hau tsaunuka zuwa babban birni. A ranar 13 ga Satumba fadar Chapultepec ta faɗi, inda ɗaliban makarantar soja shida suka mutu suna kare ta, kuma har yau Meksiko na tunawa da su kowace shekara. Washegari tutar Amurka ta tashi a birnin Meksiko. Amurka ta rasa mutum kimanin 13,000, mafi yawansu cuta ce ta kashe su.

To a wannan hali, sojan baƙi yana zaune a babban birni, aka yi cinikin da ka karanta. A ranar 2 ga Fabrairu 1848 aka sa hannu a Guadalupe Hidalgo, Meksiko ta sallama murabba'in kilomita kimanin miliyan 1.36, abin da ya ɗan ɗara faɗin Jamhuriyar Nijar, wato Kalifoniya da Nevada da Utah da mafi yawan Arizona, da sassan New Mexico da Colorado da Wyoming. In aka haɗa da Teksas, fiye da rabin ƙasarta ke nan. Kuɗin bai kai abin da Slidell ya zo da shi kafin yaƙi ba. Wakilin Amurka Nicholas Trist ya ƙulla yarjejeniyar ne bayan Polk ya yi masa kiranye ya ƙi komawa, domin a Washinton an fara kiran a haɗiye Meksiko gaba ɗaya. Abin da ya taka wa wannan kira birki har da wariyar launin fata, domin Sanata John Calhoun ya fito fili ya ce gwamnatinsu ta farar fata ce, ba za su mayar da miliyoyin 'yan Meksiko 'yan ƙasa ba. Kwana tara kafin sa hannun an tsinci zinariya a wurin injin katako na Sutter a Kalifoniya, labarin bai kai teburin shawara ba. Yarjejeniyar ta yi alkawarin kare dukiyar 'yan Meksikon da iyaka ta ƙetare su, amma Majalisar Dattawa ta soke sashe na 10 da ya shafi takardun filaye, dokar 1851 kuma ta ɗora wa masu filaye a Kalifoniya nauyin tabbatar da mallakarsu a kotu, shari'ar da kan ɗauki shekara 17, har da yawa suka sayar da gonakin don biyan lauyoyi. 'Yan asalin Kalifoniya su suka fi kowa shan wuya, daga kimanin 150,000 suka koma kimanin 30,000 cikin shekara 30 da ba su cika ba, ta hanyar kisa da aikin tilas da cuta.

Ka kwatanta wannan da Oregon, yankin arewa maso yamma da Amurka ke jayayya da Ingila a kansa, a shekarar da aka fara yaƙin. Magoya bayan Polk sun yi ta kurarin cewa sai an ba su yankin har iyakar Alaska ko a gwabza, amma da yake Ingila ce mai jiragen yaƙi a ɗaya ɓangaren, a watan Yunin 1846, wata ɗaya bayan shelar yaƙi da Meksiko, ya amince a raba a kan layi na 49, ya bar mata tsibirin Vancouver. Ko da aka sake samun saɓani a tsibirin San Juan a 1859 saboda wani manomi ya harbe alade, sojojin ɓangarorin biyu sun yi shekara 12 suna kallon juna ba wanda ya ɗana kunama, har Sarkin Jamus ya raba gardamar a 1872. Alaska kuwa ita ce ta fi kama da cinikin yardar juna tsakanin gwamnatoci, domin Rasha ce ke neman mai saye bayan ta sha kashi a yaƙin Kirimiya, ko da yake a nan ma ba a tambayi 'yan asalin yankin, irin su Tlingit da Inuit, ba.

Ganimar Meksiko ta zame wa Amurka ƙarfen ƙafa, domin kowane sabon yanki sai ya ta da tambayar ko za a shiga da bayi cikinsa. Sulhun da majalisa ta yi tsakanin jihohin bayi na kudu da jihohin arewa a 1820 da 1850 ya ɗan jinkirta abin, dokar Kansas da Nebraska ta 1854 ta ɓalle shi, aka shiga yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, inda hafsoshin da suka koyi yaƙi tare a Meksiko, irin su Grant da Robert Lee, suka fuskanci juna.

Saura filayen tsakiya. Dokar 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma eka 160 na shekara biyar mallakarta, layin dogo ya haɗe gabas da yamma a Utah a watan Mayun 1869, maharba kuma suka ƙarar da ɓaunar da rayuwar mutanen filayen ta dogara a kanta, daga miliyoyi masu yawa zuwa 'yan ɗaruruwa kafin 1890. Tsakanin 1778 da 1871 gwamnati ta tabbatar da yarjejeniyoyi kimanin 370 da al'ummomin 'yan asalin ƙasa, sannan majalisa ta ce ta daina ɗaukarsu a matsayin waɗanda ake ƙulla yarjejeniya da su. Dokar Dawes ta 1887 ta yayyanka ƙasar ƙabilu filoti-filoti ta sayar da abin da ta kira rara, ƙasar da ke hannunsu ta ragu daga eka miliyan 138 zuwa miliyan 48 kafin 1934. A ranar 29 ga Disamba 1890 sojoji suka kashe 'yan Lakota a Wounded Knee, aƙalla 150, wasu ƙididdigar sun kai 300, da yawansu mata da yara, a shekarar da hukumar ƙidaya ta ce babu sauran layin da ya raba inda aka zauna da inda ba a zauna ba.

Ga misali na ƙarshe da za ku iya tattaunawa kai da abokinka. A yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868, bayan Red Cloud, jagoran mayaƙan Lakota, ya tilasta wa soja rufe sansanoninsa, Amurka ta amince cewa tsaunukan Black Hills na Lakota ne, kuma ba za a karɓi ko taƙi ba sai kashi uku cikin huɗu na mazajensu sun sa hannu. A 1874 ayarin soja ƙarƙashin George Custer ya tabbatar da akwai zinariya a wurin, masu haƙa suka cika tsaunukan, gwamnati ta nemi saye, Lakota suka ƙi. A Yunin 1876 mayaƙan Sitting Bull da Crazy Horse suka kashe Custer da sojoji fiye da 260 a Little Bighorn. Majalisa ta mayar da martani da cewa ba za a sake ba su abincin da aka yi musu alkawari ba sai sun sallama, aka samu sa hannun kimanin kashi ɗaya cikin goma, aka karɓe tsaunukan a 1877. A can ne daga baya aka sassaƙa fuskokin shugabannin Amurka huɗu a jikin dutsen Rushmore. A 1980 Kotun Ƙoli ta yanke cewa an karɓi ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, ta tabbatar da diyyar dala miliyan 105 da 'yan kai, har da kuɗin ruwa. Lakota suka ƙi karɓa, suka ce karɓar kuɗin zai mayar da abin ciniki, su kuwa ba su taɓa sayarwa ba. Kuɗin suna nan a asusun gwamnati suna haihuwa, sun haura dala biliyan ɗaya, masu su kuma suna zaune a wasu daga cikin gundumomi mafi talauci a Amurka.